Abokin da ya riga ka girma: Labaran ratsa zamani da yaran Zamfara

Da tsakar dare agogon gidan ya buga sau goma sha uku. Wani yaro mai suna Tom, wanda aka kawo gidan dangi saboda ƙaninsa ya kamu da ƙyanda, ya kasa barci. Ya sauko daga bene ya buɗe ƙofar baya. Da rana ba abin da ke bayan ƙofar nan sai ɗan tsakar gida da kwandunan shara, amma a daren sai ya tarar da makeken lambu mai itatuwa da furanni.

A lambun ya haɗu da Hatty, wata marainiya da ta yi ƙuruciyarta fiye da shekara sittin kafin zamaninsa. Suka shaƙu. Kullum dare sai ya saci jiki ya koma, su hau bishiya, su yi wasa, har da musu kan ko wane ne fatalwa a tsakaninsu.

Sai dai akwai matsala. A wajen Tom kwana ɗaya ne tsakanin zuwansa na jiya da na yau. A wajen Hatty kuwa wani lokaci watanni ne, wani lokaci shekaru. Yana nan ɗan yaronsa, ita tana ta girma, har ta zama budurwa, hankalinta ya koma wajen saurayin da za ta aura. Sannu a hankali ta fara ganin Tom dishi-dishi, har ta daina ganinsa.

Wannan shi ne labarin Tom's Midnight Garden, wato Lambun Tom na Tsakar Dare, wanda Philippa Pearce ta wallafa a Ingila a 1958, ya kuma ci lambar yabo ta Carnegie, babbar kyautar littattafan yara a ƙasar.

Labarin ƙanƙara da lambun Turawa ne, amma yarinyar da ta taso daga wani ƙauye na Tsafe ko Bunguɗu ta dawo Gusau gudun hijira, ta kuma ji labarin an aurar da ƙawarta ta aji, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ta san yadda ake barin mutum yana yaro a dawo a tarar da shi babba.

Injin ba shi ne labarin ba

Labaran ratsa zamani su ne waɗanda jarumi ke barin lokacinsa ya faɗa wani, ko dai zamanin da ya wuce ko wanda bai zo ba. Wanda ya fi shahara a na manya shi ne The Time Machine na H. G. Wells, wanda ya fito a 1895. A na yara kuwa ana yawan farawa da The Story of the Amulet na Edith Nesbit, na 1906, inda wasu yara 'yan gida ɗaya ke bi ta cikin wata laya su je tsohuwar Masar da Babila.

A labaran manya, hankali kan tafi ne ga injin da yadda yake aiki, da kuma ɓarnar da za a yi idan aka taɓa tarihi. Marubutan yara ba su cika damuwa da wannan ba. Ƙofarsu kan zama abin da ke cikin gida: agogo, gado, aljihun tebur, tsohon gini. Abin da suke sa ido a kai shi ne wanda yaron zai tarar a can, da abin da zai faru ranar da za su rabu. Kuma kusan kullum sai sun rabu.

A 1969 Penelope Farmer ta fitar da Charlotte Sometimes. Wata yarinya ce a makarantar kwana da ke kwanciya a wani tsohon gado, ta farka a shekarar 1918, a makaranta ɗaya, a gado ɗaya, amma kowa na kiranta Clare. Ita kuma Clare ta farka a zamanin Charlotte. Suna musayar rana, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, sai dai kowace ta bar wa 'yar'uwarta saƙo a littafin rubutu. A ƙarshe Charlotte ta gano cewa Clare ba ta daɗe da komawa zamaninta ba annobar murar nan ta 1918 ta kashe ta, annobar da ta iso har ƙasar Hausa. Wato duk lokacin da take rubuta mata saƙo, ƙawar tata ta riga ta rasu da shekaru arba'in.

Wasu iyaye za su ce wannan ya yi wa yaro nauyi. A ganina iyayen Zamfara ba za su ce haka ba, domin yaransu sun ga abin da ya fi shi nauyi da idonsu.

Kyanwar da ta zo daga ƙarni na 22

A ƙarshen shekarar ta 1969 aka fara buga wani labarin zane a Japan mai suna Doraemon, na Fujiko F. Fujio, wanda daga baya ya zama katun da ake kallo a ƙasashe da dama. Doraemon mutum-mutumin inji ne mai siffar kyanwa, wanda wani jikan jikan Nobita ya turo daga ƙarni na 22 don ya gyara rayuwar kakan nasa tun yana yaro. Nobita malalaci ne, ba ya ƙoƙari a aji, kuma kullum wani ƙaton yaro mai suna Gian na cin zalinsa. Injin ratsa zamanin yana cikin aljihun teburin karatunsa.

Akasarin labaran ban dariya ne: Nobita ya roƙi wata na'ura, ya yi amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba, ta juye masa. Amma wanda masu karatu suka fi tunawa shi ne na 1974, inda Doraemon zai koma zamaninsa. A daren, Nobita ya je ya tari Gian shi kaɗai. Ya sha duka, ya tashi, ya sake shan duka, ya ƙi sakinsa har ƙaton ya gaji ya sallama. Ba don jarumta ya yi ba. So yake abokinsa ya tafi da kwanciyar hankali, ya san wanda ya bari zai iya tsayawa da ƙafarsa.

A nan girman yaro yake a irin waɗannan labarai. Ba a ranar da ya sami abokin ba, a ranar da ya yarda ya sake shi.

Shekarun da agogo ya tsaya a Zamfara

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda korona, aka kwashe watanni. Ba a daɗe da komawa ba, a ranar 26 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma aka rufe makarantun kwana na jihar.

Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake sace ɗalibai 73 a Ƙaya, ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu. Cikin kwanakin nan aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako. Gusau ta sami sabis bayan kimanin wata guda, wasu wuraren kuwa sun daɗe fiye da haka.

An yi ta lissafin abin da wannan ya jawo wa ciniki da tsaro. Ba a cika lissafa abin da ya jawo wa ɗan shekara goma sha biyu ba. Wurare uku yaro ke ganin abokinsa na wani gari: makaranta, kasuwa, ko ya ari wayar yayansa ya kira. Duk ukun aka rufe a mako guda.

A watan Afrilun 2023 rahotanni suka ce an sace mutum kimanin 80, akasarinsu yara da mata, daga Wanzamai a ƙaramar hukumar Tsafe, lokacin da suka shiga daji neman itace. An yi makonni kafin yawancinsu su dawo. A Satumba na shekarar kuma aka shiga Sabon Gida, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya.

Yaron da ya yi mako uku a daji ya dawo, a kalanda mako uku ne kawai ya ƙaru a shekarunsa. Abokan da ya bari suna nan da ƙwallonsu da langarsu. Shi ne dai ya dawo ba shi ba. Haka nan yarinyar da aka rufe makarantarsu tana aji biyu, kafin a buɗe an ɗaura mata aure. Haka nan yaron da aka tura almajiranci Zariya ko Kano don a nisanta shi da daji, ya dawo da Sallah da wata irin Hausa a bakinsa.

Rabuwar sa'anni ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Aure da karatun allo da cin rani sun daɗe suna yin ta. Abin da ya sauya shi ne sauri, da kuma rashin sallama. Da can akan yi kamu da lalle da kai amarya, ƙawaye su yi kukansu su ƙoshi. Wanda ya gudo da dare ba ya sallamar kowa.

Ashe tsohuwar ce

Mu koma wajen Tom. A darensa na ƙarshe a gidan ya ruga ƙofar baya, sai ya ci karo da kwandunan shara. Lambu ya ɓace. Ya ƙwala wa Hatty kira cikin kuka har ya tashi mutanen gidan. Da safe aka ce ya hau bene ya ba mai gidan haƙuri, wata tsohuwa da kowa ke shakka, mai suna Misis Bartholomew.

Ashe ita ce Hatty. Kullum dare tana mafarkin ƙuruciyarta, shi kuma kaɗaici na tura shi cikin mafarkin. Da zai tafi ya sauko har ƙasa, sai ya juya da gudu ya koma ya rungume ta kamar sa'arsa.

Ba Pearce kaɗai ta bi wannan hanya ba. A When Marnie Was There na Joan G. Robinson, na 1967, wanda kamfanin Ghibli na Japan ya mayar fim a 2014, wata marainiya mai suna Anna ta yi ƙawance da wata yarinya a wani tsohon gida a bakin ruwa, daga baya ta gano kakarta ce tana yarinya. A Doraemon ma akwai labarin da Nobita ya koma baya don ya sake ganin kakarsa da ta rasu yana ƙarami, ita kuma ta karɓe shi ba tare da ta nemi hujja ba.

Marubutan nan sun sha wahalar ƙirƙiro agogo da mafarki da inji don su kai yaro ga gane abu guda: tsohuwar nan da ke zaune a lungu ta taɓa zama yarinya, kuma da sun haɗu a lokacin da ƙawaye za su zama.

Bahaushe ya riga su zuwa nan, ba tare da inji ba. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai kunya, har uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne zalla. Kaka ta kira jikanta maigida ko angonta, ta kira jikanyarta kishiya. Kaka namiji ya ce jikanyarsa amaryarsa ce, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura. A gidaje da yawa wajen kaka ake kai yaro yaye. Sau da yawa ma sunanta aka maya wa jikar, shi ya sa ake kiran 'yar shekara uku Ummi ko Inna, ɗan shekara biyu Abba ko Baba. Al'ada ta ɗauki mutum biyu da shekara sittin ke tsakaninsu ta ce sa'anni ne.

To, wannan ƙofar ma tana cikin abin da gudun hijira ke rufewa. Idan gari ya watse ba kowa ke tafiya wuri ɗaya ba. Wani tsohon ya ce ba inda za shi, a nan aka binne iyayensa. Wata tsohuwar ta bi ɗanta na Funtuwa, jikokin suka bi uwarsu Gusau, suka sauka a kango ko ginin da ba a kammala ba. Ko an zo tare, tsohuwar da ke yini neman abin da za a sa a baki ba ta da sauran ƙarfin tatsuniya da dare.

Abin da ke cikin rumbunmu

Yaron Bahaushe ba baƙo ba ne ga tunanin mutum ya farka a wani zamani. Tun a makarantar allo da Islamiyya yake jin ƙissar As'habul Kahfi, matasan da suka gudu da imaninsu tare, suka yi barcin shekara ɗari uku da tara a kogo, suka tashi suna zaton yini ɗaya ne ko wani yanki nasa, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfarsu. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, kuma ba a haɗa shi da tatsuniya. Abin nufi kawai shi ne kunnen yaron ya riga ya saba.

A ƙagaggun labarai, gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu sun kusanci wannan fage. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne ke ba yara labarin yaƙe-yaƙensa da Turawa da yawonsa a ƙasashen aljannu, ya dawo gida ya tarar duniya ta sauya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, sai ya mayar da su ƙuruciyarsa: yadda aka sace shi yana ƙarami, aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa. Duk wanda ya karanta wa yaran Wanzamai wannan littafin yau, ba zai ce musu tarihi ba ne kawai.

Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, shekarar da Doraemon da Charlotte Sometimes suka fito. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawon duniyoyi. Sararin samaniya suka ratsa, ba zamani ba, amma ginshiƙin ɗaya ne: yaro da abokin da ba na duniyarsa ba. Dembo ya buɗe hanya tun fiye da shekara hamsin, masu bin ta ne suka yi ƙaranci.

Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980 ya karkata ga soyayya da zaman aure, da labaran yaƙi da matsafa. Yanzu ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, kuma na manya ne. Ƙananan yara sun ɗan sami rabo: shirin RANA da UNICEF ta tallafa wa a Katsina da Zamfara ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa na azuzuwan farko na firamare, shafin African Storybook kuma yana da gajerun labaran Hausa kyauta. Wanda aka bari a tsakiya shi ne ɗan shekara tara zuwa sha huɗu, wanda ya wuce baƙi da wasali amma bai isa littafin kishiya ba. Shi ne kuma ainihin mai karatun labaran ratsa zamani.

Gizo da Ƙoƙi ba za su cike wannan gurbi ba. Gizo ba ya tsufa. Yadda kakarka ta bar shi haka za ka same shi, da tsamin bakinsa da wayonsa. Yaron da ke son ya fahimci me ya sa abokinsa ya sauya yana buƙatar labarin da mutane ke girma a cikinsa.

Ƙofofin suna kan hanya ɗaya

Marubucin da ke neman inda zai kafa irin wannan labari ba sai ya bar hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba.

A ƙasar Tsafe 'Yandoto take, garin malamai da ya yi suna tun kafin jihadi, lokacin da yankin ke ƙarƙashin Katsina. Har yau sarautar Sarkin Tsafe 'Yandoto ce, kamar yadda ta Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, take Sarkin Katsina. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna bayan malaman garin sun ƙi bin jama'ar Shehu, garin ya watse. Masana tarihi sun yi rubutu kan hujjar kowane ɓangare. Wanda ba a rubuta ba shi ne ƙolon da ke riƙe da allonsa a ranar, wanda shi ma ya bar gari bai sallami abokinsa ba.

A ce yau wani ɗan gudun hijira ya tsinci guntun tsohuwar tawada a kufai, ya buɗe ido ya gan shi a tsangayar 'Yandoto saura wata guda a watse. Ya san abin da ke tafe, abokin da ya yi a can bai sani ba. Zai faɗa masa? In ya faɗa, wa zai yarda? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta riƙe littafi.

Tarihin baka na Katsina ma daga 'Yandoto ya ce Korau ya fito, wanda ya kayar da amininsa Sanau a kokawa bayan an tona masa asirin layarsa, ya kashe shi ya hau gadon sarauta. Wato labarin abota da cin amana ya daɗe a wannan ƙasa.

Gaba kaɗan ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda duk matafiyi ke hangowa daga nesa. Dutse da kogo ba sa buƙatar talla a wajen yaro.

Amma da ni ne, tashar jirgin ƙasa ta Gusau zan zaɓa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Shi ya mayar da Gusau kasuwar auduga da gyaɗa, ya jawo kamfanonin Turawa da Kwara da Yarbawa da Ibo, daga baya aka kafa masaƙar Zamtex da kamfanin man gyaɗa. Yara da yawa a garin sun girma suna tsallaka dogon nan ba su taɓa shiga jirgi ba. Amfanin wannan zamani ga marubuci shi ne bai yi nisa ba. Yarinyar da ke tallar gyaɗa a tashar a 1965 tana iya kasancewa da ranta yau, tana zaune a wani gida a Tudun Wada ko Sabon Gari, jikokinta na ganin ba ta san komai ba sai faɗa da carbi.

Inda ake zamewa

Akwai ramuka a wannan hanya. Na farko shi ne mayar da jiya aljanna. Zamanin da akwai harin bayi, akwai agana, akwai yunwa. Yaron da aka nuna wa cewa komai na da zuma ne, na yau kuma maɗaci, an ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Abin da zai amfane shi shi ne ya ga yaran da ma sun ji tsoro, sun yi gudu, kuma wasunsu sun rayu har suka ga jikoki.

Wani ramin shi ne wa'azi. Mun saba rufe labarin yara da jerin darussa, kamar ba mu yarda yaron yana da kai ba. Pearce ba ta ce a girmama tsofaffi ba. Ta sa Tom ya koma da gudu ya rungumi tsohuwa, ta ajiye alƙalami.

Mafi haɗari shi ne barin jarumi ya gyara abin da ya wuce. Abu ne mai daɗin rubutawa: yaro ya koma daren da aka shigo garinsu, ya tashi mahaifinsa, su tsira. Amma a ajin da za a karanta littafin akwai wanda aka kashe nasa mahaifin da gaske, kuma ba shi da aljihun tebur. Mafi yawan littattafan da suka yi ƙarko a wannan fanni ba sa ba yaro wannan iko. Charlotte ba ta ceci Clare ba. Tom bai hana Hatty zama marainiya ba. Abin da suka iya shi ne zama tare da su na ɗan lokaci.

Wannan kuma shi ke amsa damuwar iyayen da za su ce irin labarin nan shisshigi ne ga ƙaddara ko gaibu. Labarin da ya koma baya ta hanyar mafarkin tsohuwa, bai leƙa gobe ba, bai sauya abin da aka rubuta ba, bai wuce abin da kowace kaka ke yi idan ta ce wa jikanta zauna ka ji ba.

Kayan aikin ma ba su da tsada. Wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta rubuta abin da ta faɗa da hannu. Baba ta ba da labarin wasanninsu na dandali, da yadda 'yan mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta har tsufa, da yadda mahara ke zuwa su kwashe mata da yara, dangi su yi ta haɗa dukiyar fansa. Ta kawo sunayen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, da wadda aure ya kai nesa, da wadda suka ci gaba da ziyartar juna.

Littafin ya fito da Turanci a 1954, ana kuma karanta shi a jami'o'in duniya har yau. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951.